Giɓin Yakadam

Matata ta ce in bar maganar nan haka, Baba Sakatai tsoho ne, kuma yayan mahaifina ne. Na ji. Amma har yau idan na tuna ranar da na kai Hajja Dudu ganuwar Mazgwai sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin, don haka zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A tashar Mokolo na gan ta. Ta sauko daga motar Garwa da 'yar jaka, da buta, da sanda, tana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Kowa ta tambaya sai ya ce ta zo ya kai ta Rumsiki, can ne baƙi ke zuwa kallon duwatsu. Ina goge gilashin motata na ji sunan ƙauyenmu a bakin baƙuwa, ta karya shi yadda Fulani ke karya sunayenmu. Wani ya nuna mata ni da haɓa.

"Ɗan nan, kai ne aka ce ɗan Mazgwai?"

"Ni ne, Hajja. Gidaidi sunana. Wa kika sani a can?"

"Ban san kowa ba. Akwai ganuwar dutse a kan tudunku?"

"Akwai."

"Akwai giɓi a jikinta, ta wajen fitowar rana?"

Na ajiye tsumman. Masu zuwa ganin ganuwarmu ba su da yawa. Shekara sai ta wuce ba mu ga ko ɗaya ba, sannan wani Bature mai ƙatuwar jaka ya ɓullo yana tambayar wa ya gina ta, mu ce ba mu sani ba, kakanninmu ma haka suka tarar da ita. Ban taɓa jin baƙon da ya tambayi giɓin ba.

"Ta nan aka fitar da kakata," in ji ta. "Yakadam."

Babu yaron da ya tashi a Mazgwai bai san sunan nan ba. A zamanin da masu dawakai ke hawowa farautar bayi, mutanenmu cikin ganuwar suke gudu su toshe ƙofa. A zuwan ƙarshe maharan suka bar dawakansu a ƙasa, suka hau da ƙafa, suka zare duwatsu ta gabas, suka jawo yarinya ɗaya suka tafi da ita. Mu kuwa mutane ne da ba ma iya wuce dutsen da ya zame daga katangar gona, ko ta maƙiyi ce, ba mu sunkuya mun mayar da shi ba. Amma bangon da aka fitar da mutum ta cikinsa ba a gyara shi sai mutumin ya dawo ta wurin, ko shi ko jininsa. Shi ya sa giɓin yake nan a buɗe tun kafin a haifi ubana, duwatsun da aka zare suna jibge a gefensa, ko kan murhu ba a ɗaukar ɗaya. Yakadam kuma ƙanwar kakana ce. Wato matar nan da ke tsaye a gabana da buta 'yar'uwata ce.

Na sauke fasinjojin da na fara lodi, suna zagina ina ba su haƙuri, na buɗe mata gidan gaba.

A hanya ta ba ni labarin. Kakar ce ta rene ta. A Garwa wani suna ake kiranta da shi, na asalin kuwa sai idan su biyu ne a ɗaki take faɗa. Ta tsufa ƙwarai kafin ta rasu, kuma da ciwon ajali ya kama ta sai ta riƙe hannun jikar ta ce, "Ki shiga mini ta inda aka fitar da ni." Hajja ta yi alkawari tana budurwa. Sai aure, sai 'ya'ya, sai miji da ba ya son jin zancen dutse, sai jinyarsa. Yanzu ya rasu, 'ya'yan ma ba ta gaya musu inda ta nufa ba, don ta san za su ɓoye mata sanda.

"Likita ya ce zuciyata ba ta son tudu," ta ce. "Hawa ɗaya ya rage a ƙafafun nan, ɗan nan. Babu na biyu."

Mota ba ta kaiwa sama. Muka bar ta a gindin tsamiyar da ke ƙasan ƙauye muka kama hanyar ƙafa, ta tsakanin gonakin da aka tare da duwatsu hawa-hawa. An gama girbi, karan dawa sai ƙara yake a ƙarƙashin ƙafa, rana kuma ba ta da tausayi. Hajja ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta dafa sanda, numfashinta yana fita da ƙyar. Na ce in goya ta. Ta ce kakarta da ƙafa ta sauka, ita ma da ƙafa za ta hau.

Magana ta riga mu isa, kamar kullum. Mata suka fara fitowa daga gidaje suna bin mu, wasu da gari a hannu, wasu da goyo. Wata ta kawo mata ruwa, wata ta taɓa gefen mayafinta ta janye hannu. Da muka wuce gidan ƙarshe sai guɗa ta tashi daga baya, ta zagaye tudun. Hajja ta tsaya ta juya.

"Me ya faru?"

"Ke ce kika faru, Hajja."

Daga nan ba ta ƙara tsayawa hutu ba sai sau ɗaya, da ta yi alwala ta yi azahar a kan wani falalen dutse. Duk jama'ar nan suka tsaya suna jiranta, babu wanda ya yi ko tari.

Baba Sakatai muka tarar a bakin giɓin, ta ciki. Shi ne mai riƙe da ganuwar, shi ke zuba wa kakanni abin sha, kamar yadda ubansa ya yi. Ya sa tsohon kwat ɗinsa na zuwa kasuwa, abin da ba ya yi sai da babban dalili. A gefensa yayarsa Gwaggo Dumagai ce, ta shiga ta ƙofa da tukunya a ka, ta sauke. Giɓin ba wani babba ba ne, faɗinsa bai fi mutum ɗaya ya ratsa ba, ƙasansa kuma iya gwiwa. Bayansa lungu ne da ya karkata dama, daga waje ba a ganin cikin ganuwar.

Baba yana jin Fillanci sarai, da shi yake cinikin awakinsa a Mokolo. Amma a kan tudun nan bai taɓa yarda ya fita daga bakinsa ba. Don haka ni na zama tafinta.

"Tambaye ta, wa ya haifi Yakadam?"

"Reved," in ji Hajja.

"Wa take bi a haihuwa?"

"Hawadak. Ta ce shi ya riƙe ƙafarta ta ciki suna ja ta waje, har suka buge masa hannu."

Hawadak shi ne uban Baba, shi ne kakana. Na tarar da shi da rai, da yatsu biyu a lanƙwashe da ba sa miƙewa. Baba ya gyaɗa kai. Gwaggo ta rufe fuska da gefen zane. Na ce a raina shi ke nan, an gama, yau za a rufe giɓin nan ina da rai.

Baba ya ɗebo giyar dawa daga tukunya da ƙwarya, ya zuba kaɗan a bakin giɓin yana kiran sunayen matattu, ya kurɓa, ya miƙo ta waje da hannu biyu. Na san wannan al'ada kamar yadda na san sunana, amma wallahi tun daga tasha ban tuna da ita ba sai da na ga ƙwaryar.

Hajja ta karɓa da hannu biyu, ta sunsuna, ta dube ni.

"Mene ne wannan?"

"Giya ce, Hajja. Wanda ya dawo sai ya sha kafin ya tsallaka."

Ta miƙa ƙwaryar baya a hankali, ta ɗan rusuna.

"Ka ce wa Kawu na gode, na karɓa. Amma ba na sha."

Na faɗa masa. Ya ƙi karɓar ƙwaryar.

"In ba ta sha ba, kakanni na ƙasa ba za su gane ta ba."

"Baba, sun gane ta mana. Ta kira maka Reved, ta kira Hawadak, ta faɗa maka har hannun da aka karya. Kai da kanka ka gane ta."

"Ni ba ni ne na ƙasa ba tukuna."

Na danne zuciyata na fara neman hanya, irin ta direban da ya tarar gada ta karye. Na ce akwai ruwan tsiron dawa da aka dafa yau da safe a gidan Gwaggo, bai kwana ba, bai yi tsami ba, a kawo. Hajja ta ce in dai ba ya bugarwa za ta sha ƙwarya guda. Baba ya ce kakanni ba yara ba ne da za a ba su abin shan yara. Na ce to ta tsoma yatsa ta taɓa ƙasa. Ya ce da yatsa ake sha a Mokolo? Na ce ni jininta ne, in sha a madadinta. Ya ce ni da na koma coci, har yaushe na zama wanda zai tsaya wa wani a gaban kakanni.

Muna cikin haka wata akuya ta fito daga lungun, ta raɓa ƙafar Baba, ta tsallake giɓin, ta yi tsaye tana kallonmu, sannan ta juya ta sake tsallakawa ciki. Wasu samari suka ƙyalƙyale da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

"Baba, akuyar nan ƙwarya nawa ta sha?"

"Gidaidi, ka iya bakinka."

"Ba zan iya ba! Bature ya zo nan bara da gajeren wando, ya shiga ya fita, ya hau kan bango ya ɗauki hoto, ka bi shi kana washe haƙora. Awaki suna shiga safe da yamma. Sai 'yar gida ce, da ta hau dutsen nan da rabin zuciya, za ka tare da ƙwarya?"

"Bature ta ƙofa ya shiga," in ji Baba. "Ita ma ga ƙofa can. Ta zagaya ta shiga ta yi kallo, ba wanda ya hana ta. Baƙo ta ƙofa yake shiga."

Na so in haɗiye wannan maganar kada in fassara. Hajja ta ga fuskata ta ce in faɗa mata yadda ya faɗa. Na faɗa.

"Ba kallo na zo yi ba," ta ce. "Kuma ba ƙofa aka ce mini ba."

Baba ya ɗaga murya, ba da ni yake ba, da jama'a yake.

"Ubana ya mutu yana kallon wurin nan. Ni na tsufa ina kallonsa. Masu dawakai sun ɗauke mana yarinya, sun canja mata suna, sun canja mata harshe. Yau sun aiko jikarta ta tsaya a bakin gidan ubanta ta ce abin shanmu ƙazanta ne. In na bar ta ta tsallaka haka, wa ya dawo? Tamu, ko tasu?"

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Waɗannan gyaɗa kan sun fi maganar ƙona mini rai, don na san rabinsu ba su yarda ba, tsoron tsohon kawai suke.

"Ban ce ƙazanta ba ne," in ji Hajja da na fassara. "Babu kuma wanda ya aiko ni sai ita."

Gaskiya ita ma na ji haushinta a lokacin. Na matsa kusa da ita na rage murya.

"Hajja, don Allah. Kurɓi ɗaya ne. Ki jiƙa leɓe kawai, ki nemi gafara daga baya. Kin hau dutsen nan, ga wurin a gabanki, taku ɗaya ya rage."

Ta dube ni kamar yadda uwa ke duban yaron da ya yi shirme a gaban baƙi.

"Ɗan nan, wadda ta sa ni alkawarin nan ita ta koya mini salla. Ba zan cika mata ɗaya in zubar mata da ɗaya ba."

Samari biyu suka matso suka ce mini, Gidaidi, mu ɗaga ta mu tsallakar da ita mana, tsoho zai yi faɗa ya gaji. Har na naɗe hannun riga. Hajja ta gane abin da ake shirin yi, ta tare ni da sanda.

"Da ƙarfi aka fitar da ita. Ba zan shiga da ƙarfi ba."

Ta ajiye ƙwaryar a kan bakin giɓin ba tare da ta zubar da ko ɗigo ba, ta nemi dutse ta zauna. Baba yana tsaye ta ciki, hawaye na bin kumatunsa yana barinsu, amma bai kauce daga hanya ba. Ni ban taɓa ganin taurin kai irin wannan ba: mutum ya yi shekara tamanin yana jiran abu, abin ya zo har gabansa ya kira shi kawu, ya tsaya yana kuka yana korarsa. Kukan ma haushi ya ba ni.

Ta daɗe a zaune tana kallon lungun da ba ya nuna komai. Inuwar bango ta fara rufe mu. Sai ta dafa sanda ta miƙe, ta nufi tarin duwatsun nan da ke gefe, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya da ƙyar. Mata suka ja numfashi. Ta kawo shi ta ɗora a cikin giɓin.

"Kai, Gidaidi, hana ta!" Baba ya daka tsawa. "Ba a rufewa sai an shiga!"

"Ka hana ta da kanka, Baba. Kai ne mai hanawa."

Hajja ta juyo tana haki.

"Ka gaya wa Kawu, Yakadam ta rasu a Garwa da tsufanta, a kan gadonta. Ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Ni na yi mata wanka. Ba ta taɓa manta wurin nan ba. Amma ba za ta dawo ba, kuma bayana babu mai zuwa, don 'ya'yana ko sunan nan ba su iya faɗa ba. Ku daina jiranta."

Na fassara da ƙarfi yadda kowa zai ji, ban rage ko kalma ba.

Ta koma ta ɗauko na biyu, ta ɗora shi a karkace. Sai ga hannun Gwaggo Dumagai daga ciki ya kama dutsen. Na ɗauka jefo shi za ta yi. Ta juya shi, ta kwantar da faɗinsa ƙasa, ta danna da tafin hannu har ya zauna.

"Ba haka ake ɗora shi ba, 'yar nan," ta ce da guntun Fillancinta na kasuwa. "Faɗin ne a ƙasa. Miƙo mini wancan."

"Dumagai!" in ji Baba.

"Matsa mini, Sakatai. Na goya ka kana zawo, ba yau za ka fara koya mini tsoron matattu ba."

Ta ɗauke ƙwaryar daga bakin giɓin ta danƙa masa. Ya karɓa, don babu yadda zai yi, ya ja baya ya zauna a lungun da ita a cinya. Hajja tana miƙawa ta waje, Gwaggo tana jerawa ta ciki. Wata mata ta ajiye goyonta ta fara kawo duwatsu kusa, sai wata, sai wata. Maza muka tsaya kamar an dasa mu. Ni ban taɓa ko ɗaya ba. Ba tsoron Baba nake ba, ba zan iya sa hannu a bangon da ke tashi tsakanin matar nan da abin da ta zo nema ba.

Bango ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Baba ya ɓace daga gani, sai kan Gwaggo. Da Hajja ta kasa ɗaga hannu sama, matan suka ƙarasa. Kafin na ƙarshe Gwaggo ta zuro hannu ta saman, Hajja ta miƙa nata, suka riƙe juna na ɗan lokaci. Babu wanda ya yi guɗa.

Wajen sauka ba ta yi musu ba da na durƙusa. Na goya ta, wata yarinya ta biyo mu da jaka da buta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ina jin bugun zuciyarta a bayana, yana gudu yana tsayawa, ina ta sauri ina zagin Baba a cikin raina, da dattawan da suka gyaɗa kai, da duk wanda ya fara cewa ƙwarya ta fi mutum. Mata suka roƙe ta ta kwana, an ɗora tuwo, an yanka kaza. Ta yi musu godiya ta ce a'a.

Na zaunar da ita a mota, na ba ta ruwa. Na tayar da inji ke nan ta dafa hannuna.

"Ɗan nan, kai ka taɓa shiga?"

"A ciki na yi wasa, Hajja. Duk yaran Mazgwai."

"In an bi lungun nan an karkata dama, me ke can?"

Na buɗe baki in yi mata ƙarya, in ce ɗakuna ne, da rumbuna, da wurin zaman sarki. Na kasa.

"Fili ne, Hajja. Ɗan fili ne da ciyawa."

Ta gyaɗa kai, ta jingina da kujera, ta rufe ido.

"Ta ce akwai inuwa da safe," in ji ta.

"Akwai," na ce. Na sa giyar mota muka gangara.